Shekarar Fararen Ɓeraye

Da sunan Allah nake fara wannan babin, shi ne zai tambaye ni in na faɗi abin da ba a yi ba. A kan yayarku Uwani zan yi magana. Sagir, Maryam, ku da ƙannenku, na san abin da kuke ji in kun je Bungudu da salla. Ana cewa jami'a ce ta kore ta, wai ta lalata magani mai tsada, kunya ta hana ta zama Gusau. Na daɗe ina ji ina yin shiru, don ba ni da ƙarfin gardama da 'yan'uwa. Yanzu hawan jini ya fara yi mini sallama, gara in rubuta tun hannuna yana riƙe biro. Ba a kore ta ba. Tana da damar ta zauna a garin nan kusa da ni, da aikinta a hannu. Ni aka tambaya, ni na ce ta tafi. Ga yadda aka yi.

Kun san sana'ata, gyaran janareto a Sabon Gari, tun kafin a haifi ko ɗayanku. Boko ban yi nisa ba, abin da na iya shi ne abin da kuke gani a takardar nan. Uwani ita ce ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kiran sunanta na yanka ba, Uwata nake ce mata. Tun tana ƙarama ba ta da surutu, sai tambaya. In na kwance kabureta sai ta tsuguna ta ce me ya sa wannan ramin ya fi wancan ƙanƙanta. In na ce haka aka yi shi, sai ta ce wa ya ce a yi haka. Sau da yawa na kore ta gida don in samu in yi aiki. Da ta gama digirin farko aka ce ta ci gaba da na biyu a nan kusa, tana kwana gida tana zuwa, na ce alhamdu lillahi, yarinya tana karatu kuma ina ganinta kullum.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, muna tsakar gida uwarku Hajara tana zuba fura, Uwani ta dube ni.

"Baba, ka san iskar nan da ke cikin hayaƙin janareto, wadda ke sa mutum barci ya wuce daga nan?"

"Ni za ki tambaya?"

"To a kanta zan yi bincikena. Ana ganin in 'yar kaɗan ce ƙwarai, magani ce."

Uwarku ta aje ludayi. "Maganin mi? Na yawan rai?"

Ni ban yi dariya ba. Ita wannan iskar na santa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Baƙin hayaƙin da kuke gani yana fita daga salansa ba shi ne mugun ba, mugun a ɓoye yake a cikinsa. An taɓa kira na wani gida da damina, sun shigar da injin cikin soro don kada ruwa ya taɓa shi, suka rufe ƙofa. Da na isa ba injin ake ta kansa ba, tabarmi ake shimfiɗawa. Tun daga ranar duk wanda na gyara wa janareto sai na yi masa faɗa a kan inda zai aje shi, har wasu suka daina kawo mini aiki. To ga 'yata tana ce mini magani ce.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce sunan iskar kabon monokzayid, na gwada faɗa sau biyu na bari. Ta ce jikin mutum da kansa yana yin 'yar mitsitsiya, kuma masana sun lura kamar tana kwantar da kumburi, tana kare ƙoda in ta samu rauni. Amma ba a iya ɗauko dabba a ce ta shaƙa, don tsakanin kaɗan da kisa ba nisa. Sai aka yi wata hoda wadda aka ce ta riƙe iskar a jikinta, kamar an ƙulle ta a ƙulli. In an narka hodar an yi allura, sai ƙullin ya kwance a cikin jiki, iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Ita aikinta ta gwada a kan ɓeraye masu ciwon ƙoda ta ga ko za su samu sauƙi.

"Ɓeraye," in ji uwarku. "Ni ina bin su da tarko a madafa, ɗiyata za ta riƙa yi musu jinya. Allah ya kyauta."

Hodar daga ƙasar waje aka aiko ta, a kwalbar da ba ta kai babban yatsana ba. Ba ta son zafi, dole ta zauna a firji, wuta kuwa kun san halinta a garin nan. Babban injin makarantar ba kullum ake tada shi ba. Da Uwani ta faɗa mini damuwarta, sai na koma shago. Na ɗauko wani tsohon ƙaramin janareto da mai shi ya bar mini, na sake masa filogi da zobe, na ɗaura a bayan babur na kai. Na kafa shi a gindin wata darbejiya can nesa da tagar ɗakin gwajin, na ja doguwar waya. Malaminta, wanda kowa ke kira Dakta, ya fito yana kallona ya ce me ya sa na kai shi nesa haka, ga wuri kusa da bango.

"Ranka ya daɗe, ku kuna sayen iskar ga a kwalba da tsada. Kada in ba ku ita kyauta ta taga."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar muka saba.

Watannin da suka biyo baya, in za a ce in zaɓi wani yanki na rayuwata a maimaita mini, su zan zaɓa. Kullum da safe ina ɗaukar ta a babur, tana zaune a baya riƙe da jakarta da ledar dusar ɓeraye. In mun isa ita ta shiga ciki, ni in duba baƙin mai in ƙara fetur. Wani lokaci aikin injin ya ƙare amma in ƙi tafiya, in tsaya jikin taga ina leƙe. Ga ta cikin farar riga, da safar hannu, ta kamo ɓera fari tas mai jan ido ta wuya, ta juya shi, ta yi masa allura, ko motsi bai cika yi ba. Tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Akwai wani ƙato mai ƙiba da ta sa wa suna Alhaji. In ta hango ni sai ta ɗaga mini hannu da sirinjin, ni kuma in yi kamar waya nake gyarawa. Daga baya ta fito da ƙosai a takarda mu ci a gindin darbejiyar, injin yana ta ƙara, sai mun ɗaga murya muke jin juna. Ba wata hira muke ba. Ta ce yau Alhaji ya ƙi cin abinci, in ce wani ya kawo mini inji ya zuba masa man gyaɗa a madadin baƙin mai. Shi ke nan. Amma ni a raina ba abin da ya rage mini a duniya.

Aikin kuma ya yi kyau. Ɓerayen da aka yi wa allurar hodar suka fara murmurewa, waɗanda ba a yi wa ba suka ci gaba da lalacewa. Aka ɗebi jininsu aka auna, aka ga bambanci a fili. Dakta ya same ni wata safiya ya kama hannuna.

"Malam Lawali, 'yarka ba za ta bar mu ba. In ta gama, akwai gurbin ƙaramin malami a sashen nan. Na riga na yi magana."

Na koma shago ranar ina gyara inji ina murmushi ni kaɗai. Na fara tara bulo a bayan gida. Na ce ko ta yi aure, a garin nan za ta yi, in na tsufa ita za ta riƙa duba takardun asibitina ta faɗa mini abin da likita yake nufi.

Da damina ta yi tsakiya Allah ya yi wa kakarku Inna ta Tsafe rasuwa. Ni na je na ɗauko Uwani daga ɗakin gwaji. A lokacin ta gama narka hodar ke nan, za ta fara allura. Da na faɗa mata, ta cire farar rigar ta fito, ta bar kwalbar a buɗe a kan tebur. Muka tafi Tsafe. Aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku, uwarku ta kasa tashi daga ɗakin mahaifiyarta, Uwani ta zauna da ita har aka share makoki. Wata ƙawarta ce ta riƙa ba ɓerayen abinci.

Da ta koma ta tarar da ruwan maganin yana nan inda ta bar shi. A yadda aka koya musu, in ya kwana a buɗe iskar ta riga ta gudu, abin da ya rage fanko ne. Da wata ce, sai ta zubar. Amma 'yar Hajara ce, wadda ko ƙanzo ba a zubarwa a gidanta. Kuma ta ce mini a ƙa'idar aikinsu dama ya kamata a gwada fankon a kan wasu ɓeraye, don a tabbatar iskar ce ke aiki, sai dai an ɗaga wannan gwajin zuwa gaba saboda hodar kaɗan ce. Ta ce to ga fanko ya samu ba a nema ba. Ta ɗauko ɓerayen da suka yi saura, masu ciwon, ta yi musu allura da shi.

Suka warke kamar sauran.

Ranar da sakamakon jinin ya fito ba ta jira na je ɗaukar ta ba. Ta hau ɗan acaɓa ta zo shago, ta zauna a kan benci a cikin maiƙo da rigarta mai kyau. Na ce lafiya. Ta faɗa mini.

"To ai abin murna ne," na ce. "Sabo shina aiki, tsoho shina aiki. Kin samu magani marar lalacewa."

"Baba, in ka zuba fetur a inji ya tashi, me za ka ce ya tada shi?"

"Fetur mana."

"In ka tsiyaye fetur ɗin, ka zuba ruwa, ya sake tashi fa?"

Na goge sifanar da ke hannuna. Na ce, "Sai in ce da can ma ba fetur ɗin ne ke tada shi ba. Ko kuma in bar shagon ga aljanu."

"To haka nake ciki."

Ba ta tsaya nan ba. Ta samu aron wata 'yar na'ura daga wani abokin karatunta da ke aiki a kudu, girmanta kamar wayar hannu, wadda ke kuka in ta ji iskar. Ta narka sabuwar hoda, ta zuba a ƙaramin kofi, ta sa kofin da na'urar cikin babbar kwalba mai murfi ta rufe gam. Ta jira, ta jira. Lambar da ke fuskar na'urar da ƙyar ta motsa. Sai ta yi zargin na'urar ce ta mutu a hanya. Ta kawo ta shagona da rana tsaka ta ce in tada mata inji. Na jawo wani a bakin titi na ja igiya. Ba ta ma kai na'urar bakin salansa ba, abin ya ɓarke da ihu kamar an taka wutsiyar kare, jar wuta tana walƙiya. Masu shagunan kusa suka fito. Mai facin taya yana cewa, "Lawali, me ka sata?" Ni kuwa ina ta dariya, har da ɗan alfahari, wai injina ya fi hodar Turawa. Da na juyo na ga fuskarta, sai na daina dariyar. Na kashe injin.

"Na'urar lafiyarta ƙalau," ta ce. Ta sa ta a jaka ta tafi.

Ta sake gwajin da sauran hodar, abu ɗaya. Ta dinga karatu a wayarta har idonta ya yi ja. Ashe ba ita kaɗai ba ce. A wasu ƙasashen ma masu bincike sun fara cewa irin wannan hodar ba ta sakin iskar yadda aka ɗauka. A wani ruwan ta saki, a wani ta ƙi, wani lokaci ma wata iskar daban take fitarwa. Kuma a cikin hodar akwai wani ƙarfe da aka ɗaure iskar a jikinsa, shi kansa ƙarfen yana taɓa jiki yana yin nasa aikin. Wato mai yiwuwa abin da ya taimaki ɓerayenta ƙarfen ne, ko wani abu da ba wanda ya sani. Ita kuwa kan aikinta, wanda aka amince mata da shi tun farko, cewa yake iskar ce ke kare ƙoda.

Ba na son ku ɗauki Dakta mugun mutum. Ba mugu ba ne, yana son ta. Ya same ni a gindin darbejiya ya zauna a kan dutse, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Lawali, ka yi mata magana. Shekara da shekaru duniya da wannan hodar take aiki. Ta ba ɓeraye, sun samu sauƙi, wannan ba ƙarya ba ne. Ta rubuta shi. Maganar fanko ta bar ta zuwa gaba. Wannan 'yar na'urar aro ba wanda zai karɓe ta hujja, babbar da ake aunawa da ita kuwa ba mu da ita, ban san ranar da za mu samu ba. In ta nace, aikin shekara biyu ya zube. Ba takarda, ba gurbi. Ni ba zan iya riƙe kujerar har abada ba."

A daidai wannan lokacin kuma wata hanya ta buɗe. Uwani ta rubuta wa wata farfesa a ƙasar waje, cikin waɗanda ke bin diddigin wannan matsalar, ta faɗa mata abin da ta gani. Matar ta amsa. Ta ce abin da ta yi da kofi da kwalba shi ne abin da manya da yawa ba su tsaya sun yi ba. Ta ce in tana so ta zo, akwai na'urar, akwai tallafin karatu, amma daga farko za ta fara, kuma shekaru ne ba watanni ba.

Gida ya ɗauki zafi. Uwarku, da ba ta daɗe da rasa mahaifiya ba, ta ce ba za ta rasa uwa da 'ya a shekara ɗaya ba.

"Ɓerayen sun mutu ne? Sun warke! Mi ya dame ki da abin da ya warkar da su? Ni in na sha magani ciwon kai ya tafi, tambayarsa nake ta wace hanya ya bi?"

Uwani ta juyo wajena. Ta ce kawai, "Abin da Baba ya ce shi zan yi." Na san ba da wasa take ba. Da na ce ta rubuta, da ta rubuta, ta karɓi takardarta, ba za ta taɓa yi mini gori ba.

Lokacin yankan gero ne. Na ce ta raka ni Bungudu, gonarmu ta gado da yayana Bala ke nomawa. Yaya Bala ya riga ya ji labari. Ko ruwa ba mu gama sha ba ya fara.

"Lawali, kai dai tun kana yaro ba ka da wayo. Malaminta, da ya fi ta sani, ya ce ta rubuta. Aiki ga shi a hannu, albashin gwamnati. Kai kuma kana tunanin tura ɗiya mace bayan duniya saboda ɓera. In kun ga dama ku zo rumbuna, akwai su nan kyauta, ku auna har ku gaji."

Na ce na ji, Yaya. Na tashi na nufi gona, Uwani ta biyo ni. Muka bi ta cikin karan da aka kwantar, har ƙarshen gonar inda ƙasa ke gangarawa wajen rafi. Rana ta yi sanyi. Muka zauna a kan dami. Zan faɗa muku abin da ke raina, don ba amfanin ɓoyewa. So nake ta ba ni ƙofa. So nake ta ce, Baba, ai ba wani abu ba ne, kowa haka yake yi. Da ta faɗi haka, da na kama maganar da hannu biyu na ce to shi ke nan, mu koma gida.

"Uwata, in kin rubuta yadda Dakta ya ce, za a ba mutum wannan abin?"

"Ba daga nawa ba. Nawa ƙaramin aiki ne. Amma wani zai karanta ya ɗora nasa a kai, wani ya ɗora a kan na wancan. Haka aka yi har ya iso gare ni."

"Ke da kanki, kin yarda iskar ce?"

Ta daɗe tana murza kan gero a tafin hannunta, tsabar tana zuba.

"A'a, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ban sani ba ko ita ce ko ba ita ba. Shi ne gaskiyar. In na rubuta, cewa zan yi na sani."

"In kin zauna, wannan za ki riƙa koya wa yara?"

Ta dube ni kawai, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in na ce haka aka yi shi. Na ga yadda za ta zama. Za ta zauna kusa da ni, tana da ofis da mota, kullum ina ganinta, kuma kullum tana sane da abin da ta sa hannu a kai. Yarinyar da ke ɗaga mini sirinji ta taga ba ita za ta rage mini ba.

"To ki tafi," na ce.

"Baba, shekaru ne fa."

"Na ji. Ki tafi ki auna abinki. Kada ki sake tambayata, don in kika sake ban san abin da zan ce ba."

Na tashi na kakkaɓe riga na yi gaba, don ba na son ta ga fuskata.

Abin da ya biyo baya wasunku sun gani. Ta je ta gaya wa Dakta ba za ta miƙa aikin ba. Ya yi fushi, daga baya shi ya rubuta mata takardar shaida mai kyau. Wannan shi ne duk korar da ake faɗa. Uwarku ta yi wata da watanni ba ta ce mini komai sai ga abinci, ga ruwa. Na je na kwance janaretona daga gindin darbejiya, na naɗe wayar. Neman fasfo da biza ya ci kusan shekara, tana zaune gida ba karatu ba aiki, mutane suna magana, ita tana taya uwarku wanke-wanke.

Ranar tafiya da safe na kai ta tasha. Motar Kaduna za ta shiga, daga can ta wuce inda za ta hau jirgi. Uwarku ta ƙi zuwa, a soro suka yi sallama. A tasha ban iya cewa komai ba sai ki riƙe salla, ki riƙe mutuncinki. Ta ce to. Mota ta cika ta tashi. Na hau babur da niyyar komawa shago, sai na ga hannuna ya bi bayan motar. Na ce bari in raka ta zuwa bakin gari. Bakin gari ya wuce. Hanyar a lokacin ma ba lafiya gare ta ba, mai babur shi kaɗai ba ya son ta, amma ban tuna ba. Ina hango bayan ɗankwalinta ta gilashin baya, ita ba ta san ina nan ba. Da aka tsaya a Tsafe masu talla suka yanyame motar, na tsaya nesa a bayan wata tirela. Na ga hannunta ya fito ta taga ta sayi gyaɗa. Na so in ƙarasa. Na san in ta gan ni za ta sauko, in ta sauko kuwa ba ni da ƙarfin sake cewa ta tafi. Motar ta tashi, na bar ta ta wuce. Na daɗe zaune a kan babur ɗin kafin na juya.

Yau shekaru ke nan. Ta gama karatun, ta ci gaba da aiki a can. Sau ɗaya ta zo, ta yi 'yan makonni, kamar mafarki. Ta yi aure da wani ɗan Katsina da suka haɗu a can, mu muka ɗaura a nan ba ango ba amarya. Ɗanta a waya kawai na san shi, in na yi masa Hausa sai ya dubi uwarsa. Da uwarku ta kwanta asibiti bara, takardu suka hana ta tahowa, ta riƙa kira tana kuka tana magana da likita, ni ina riƙe da wayar. In na tambaye ta aikin, sai ta ce sun gano wasu hodojin suna sakin iskar, wasu ba sa saki, wasu sai an yi musu dabara, kuma ayyuka da yawa na baya sai an sake duba su. Na ce to iskar magani ce ko ba magani ba. Ta ce, "Muna nan muna aunawa, Baba." Na ce yaushe za ku gama. Ta yi dariya ta ce saura kaɗan. Tun shekaru uku take ce mini saura kaɗan.

Ina jin daɗin tana aikin da ta yarda da shi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da in na ji mata suna wucewa suna cewa ga 'yar wane malama ce a jami'a, tana kai ubanta asibiti da motarta, sai in aje sifana in kasa ci gaba. Likita yana rubuta mini abubuwa, ina kawowa gida in ɗauki hoto in aika mata, ta amsa bayan na yi barci.

In Allah ya sa ta dawo ina raye, ba ruwanku, ni da ita ne. In kuwa ta dawo ta tarar ba ni, za ta tambaye ku, na san ta da tambaya. Za ta ce ko Baba ya yi da-na-sani. Kada kowa ya yi mata kara, kada kuma kowa ya ɗora mata nauyi. Ku ce mata bai yi ba. Ku ce kewarki ce kawai ta dame shi, kullum, har ya tafi.